Darasi: Kafin A Ɗauki Bulala, A Dubi Yaron

Wannan darasi domin malaman makaranta ne, da iyaye, da shugabannin matasa, da zumuntar mata. A karanta shi a taro, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Makasudi: Mu gane cewa jikin yaro da zuciyarsa ba su rabuwa. Mu kuma koyi tambayoyi huɗu da za mu yi duk lokacin da yaro ko saurayi ya sake hali.

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21

GABATARWA

In manomi ya je gona ya tarar geronsa ya tsumbure, ba ya yi masa faɗa. Yakan tsuguna ya duba. Ko ƙuduji ne, ko tsutsa, ko rashin taki, ko kuwa ruwa ne ya ɗauke. In ya gane dalili, sa'an nan ya nemi magani.

Amma in yaro ya ja baya a karatu, sau da yawa ba a tsugunawa a duba. Akan ce daƙiƙi ne, ko taurin kai gare shi, ko ya lalace. Sai a ɗauki bulala. Horo yana da wurinsa. Amma bulala ba ta buɗe kunnen da ciwo ya toshe, ba ta ƙara jini, ba ta kuwa korar tsoro.

Gurbin Bore tana cikin ƙaramar hukumar Zurmi, kusa da iyakar jihar Katsina. Yaranta, da na Shinkafi da Kaura Namoda, sun taso a lokaci mai wuya. Fitinar 'yan bindiga ta fi shekara goma a Zamfara. Yaron da ke aji shida na firamare bai san ƙasar nan a zaune lafiya ba. Saboda haka wajibi ne mu dube su da idon manomi. Ga tambayoyin.

TAMBAYA TA FARI: KUNNENSA YANA JI?

A ƙarshen 2016 sanƙarau ya ɓarke a ƙasar Zurmi. Daga nan ya bazu cikin Zamfara, ya kai Sakkwato da Katsina da sauran jihohi. Kafin ya lafa a watan Yuni na 2017, an ƙidaya mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 kuwa suka mutu. Wajen rabin waɗanda suka kamu a Zamfara suke. Waɗanda ya fi kamawa su ne yara 'yan shekara 5 zuwa 14, watau 'yan makaranta.

An yi makokin waɗanda suka rasu. Amma waɗanda suka tashi fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka warke daga irin wannan sanƙarau, ɗaya yakan tashi da lahani. Wani kurunta, wani farfaɗiya, wani raunin hannu ko ƙafa, wani yawan mantuwa. Jariran wannan shekara yau suna firamare. 'Yan firamaren wannan shekara kuwa yau su ne samarinmu da 'yan matanmu. Ban da sanƙarau, ƙyanda da mugunya a kunne su ma suna rage ji.

Yaron da ba ya ji sosai ba ya zuwa ya faɗa. Sau da yawa shi kansa bai sani ba. Sai dai a ga yana karkata kai, yana zuba wa bakin malam ido, yana amsa abin da ba a tambaye shi ba. In an kira shi daga baya ba ya waiwaya, sai a ce raini ne.

Ga gwaji mai sauƙi. Malam ya tsaya bayan yaron, tsawon hannu guda. Yaron ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Malam ya raɗa lambobi uku, yaron ya maimaita. A sake da ɗaya kunnen. Wanda ya kasa, a mai da shi layin gaba, a riƙa fuskantarsa in ana magana, a kuma kai shi asibiti. Kada a zura gashin kaza ko tsinke a kunne, kada a ɗiga mai ko ruwan ganye. A wannan rana a gwada ido kuma: kowane yaro ya tsaya ƙarshen aji ya karanta abin da ke jikin allo, ido ɗaya a rufe.

Abin lura: Lokacin sanƙarau daga hunturu ne zuwa faɗuwar ruwa, wajen Disamba zuwa Yuni. Ƙwayar cutar tana bin tari da atishawa, ta fi yaɗuwa inda mutane da yawa ke kwana ɗaki ɗaya ba iska. Alamunsa su ne zazzaɓi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya, amai, ƙin haske, da ruɗewa. Yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a jira gobe, kada a tsaya tsaga ko hayaƙi. Akwai allurar da ke warkar da shi in an kai mutum da wuri. Irin ƙwayar da ta kawo annobar 2017 ana kiranta C, rigakafin da aka yi a shekarun baya kuwa na irin A ne kaɗai. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara yin sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke tsare mutum daga iri biyar. Duk ran da masu rigakafi suka zo, a fito da yara da matasa duka.

TAMBAYA TA BIYU: ME YA CI, JINI KUWA YA ISHE SHI?

A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya suka auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar Shinkafi da Zurmi. Suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Ba 'yan makaranta aka auna ba. Amma 'yan makaranta yayyen waɗannan yara ne, daga tukunya ɗaya suke ci. In gona ta gagari shiga, rumbu ba ya cika, in kuwa rumbu bai cika ba, aji yakan cika da masu gyangyaɗi.

Ban da yunwa, akwai ɓarayin jini guda huɗu.

1. Zazzaɓin cizon sauro. Maganin rigakafin da ake rabawa gida gida da damina na yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 ne. Ɗan makaranta ya wuce wannan. Sau da yawa kuma shi ne ba ya samun wuri cikin gidan sauro. A ba shi wuri. In ya yi zazzaɓi a gwada jininsa, a ba shi magani ya shanye duka.

2. Tsutsar ciki. Tana shiga ta hannu mai dauɗa da abinci, wata kuma ta tafin ƙafa. Maganinta ƙwaya ɗaya ce ta albendazole ko mebendazole, sau ɗaya ko biyu a shekara. Tsarinta shi ne salga, da takalmi, da wanke hannu da sabulu ko toka.

3. Tsargiya, watau fitsarin jini. Wasu suna cewa alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne. Tsutsa ce da ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi na tafki da madatsar ruwa, ta huda fata lokacin iyo ko wanki. In an bar ta, tana lahanta mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel ne. Akan auna tsawon yaro kafin a ba shi, kuma sai ya ci abinci tukuna.

4. Haila. Yarinyar da ta fara al'ada tana rasa jini kowane wata, tana kuma cikin girma. Tana bukatar abinci mai ƙara jini fiye da ɗan'uwanta namiji, amma a gidaje da yawa ita ce ta ƙarshen ci. Iyaye mata su zauna da ita, su koya mata tsabta, su tanada mata ƙyalle mai kyau, don kada kunya ta hana ta zuwa aji.

Yadda za a duba: a ja fatar ido ta ƙasa, a dubi harshe da tafin hannu. In sun yi fari fat, ga kasala da jiri da haki, jini ya yi ƙaranci. A kai shi a gwada.

Abinci mai gina jini ba sai mai tsada ba. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, zogale, alayyafo, miyar kuka, da hanta in ta samu. Lemo, gwaiba, tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimakon jiki ya karɓi amfanin waɗannan. Shayi kuwa yana hanawa, saboda haka kada a sha shi tare da abinci. Kada yaro ya tafi makaranta da ciki wofi. Ko ɗumame ne, ko kunu da ɗan ƙuli-ƙuli, ya fi babu.

TAMBAYA TA UKU: YANA BARCI?

Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe, a ƙasar Talata Mafara. Aka sako su ran 2 ga Maris. Ran 1 ga Satumba na wannan shekara aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya, ƙasar Maradun. Gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma yanke layukan waya. Ba yaron da bai ji waɗannan labarai ba. Da yawa kuma ba labari suka ji ba, da idonsu suka gani. Wani ya kwana a daji, wani an kashe ubansa, wani an sayar da shanun gidansu don biyan fansa.

Manya sukan ce yaro ne, zai manta. Bakinsa yana iya yin shiru, amma jikinsa ba ya mantawa. In mutum ya firgita, zuciya takan yi ta bugawa, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya gudu. Allah ne ya yi mu haka domin mu tsira. Amma in tsoro ya daɗe, jiki yakan kasa komawa daidai, kamar kare mai haushi ko ɓarawo ya tafi. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa inda ake tashin hankali, wajen mutum ɗaya cikin biyar yana fama da ciwon damuwa, ko fargaba, ko wani ciwon hankali.

Ga alamun da za a lura da su:

(a) Mugun mafarki, da tashi da ihu, da ƙin kwana shi kaɗai.
(b) Fitsarin kwance ga yaron da ya riga ya daina.
(c) Zabura in babur ya wuce ko ƙofa ta bugu.
(d) Ciwon ciki ko ciwon kai kullum, a asibiti kuwa ba a ga kome ba.
(e) Mai surutu ya koma shiru, ko mai sanyin hali ya koma mafaɗaci.
(f) Ya zauna a aji ido buɗe, amma hankalinsa ba ya nan.

Wannan ba hauka ba ne, ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuwa iskoki ba ne. Rauni ne, kamar raunin ƙafa, sai dai ba ya jini. Yawancin yara suna warkewa in sun sami babba guda ɗaya da suka amince da shi, da zama mai tsari. Duka da gori suna ƙara raunin. Yaron da aka kunyata don fitsarin kwance yakan ƙara yi.

Yarinyar da ta komo daga hannun 'yan bindiga tana bukatar kulawa ta musamman. In an yi mata fyaɗe, a kai ta asibiti nan da nan, gama maganin da ke tsare mutum daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin kwana uku. Laifin ba nata ba ne. A rufa mata asiri, kada a nuna ta da baki, kada a yi gaggawar aurar da ita don a rabu da magana.

TAMBAYA TA HUƊU: DA WA YAKE ZAMA?

Wannan ta samari ce. Saurayi ba ya kuka a gaban mutane. In makaranta a rufe take, gona ba ta shiguwa, kasuwa ba ciniki, yakan nemi abin da zai kashe masa tunani. Mai sayar da ƙwaya kuwa ba ya nisa. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wani bincike na ƙasa da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda.

Da yawa ba don nishaɗi suka fara ba. Wani ya fara shan tramol don ya yi aikin ƙodago bai gaji ba, wani don ya sami barci, wani don ya daina tunawa. Tramol mai yawa yana kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, yana iya tsai da numfashi. Wanda ya saba da shi kuwa, in ya bari farat ɗaya yakan yi ciwon jiki da zufa da rashin barci, shi ya sa yake komawa. Yana bukatar taimakon ma'aikacin lafiya. Kora daga gida ba ta raba shi da ƙwaya, sai dai ta miƙa shi ga waɗanda ke daji, su kuwa kullum suna neman yara.

In saurayi ko budurwa ya ce ya gaji da duniya, ko gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata, sai ma ta sauke masa kaya. Kada a bar shi shi kaɗai. Mu manoma kuma mu kulle maganin ƙwari da na ɓera da na feshi, mabuɗi a hannun mai gida.

ABIN DA LABARIN ILIYA KE KOYA MANA

Iliya annabi ne mai ƙarfin hali. Duk da haka da Yezebel ta yi barazanar kashe shi, tsoro ya kama shi, ya gudu cikin jeji, ya zauna gindin itace ya roƙi mutuwa. Mu lura da yadda Ubangiji ya bi da shi. Bai fara da tsawa ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu. Sa'an nan ya tambaye shi, ya saurari kukansa. Bayan haka ya ba shi aiki, ya kuma ba shi abokin tafiya, watau Elisha. Barci, abinci, sauraro, aiki, aboki. Mu bi wannan jeri.

Barci: yaro mai firgita ya kwana kusa da babba. Kada a yi hirar kisa da kallon hotunan gawa a waya a gabansa da dare. In ya zabura, a riƙe hannunsa, a ja numfashi tare da shi a hankali, a sake shi a hankali, sau goma.

Abinci: kamar yadda muka faɗa a sama.

Sauraro: a zauna daidai da shi, a bar shi ya faɗi abin da yake so. Kada a tilasta shi ya ba da labari, kada a ce ya yi shiru ya manta. Kada a yi masa alkawarin ƙarya cewa ba za su sake zuwa ba. A gaya masa abin da gidan ya shirya: inda za a bi, da wanda zai riƙe hannunsa.

Aiki: lambu, kiwon kaji, ɗinki, gyaran keke, koya wa ƙanne karatu. Ko makaranta a rufe take, a sa lokacin tashi da na karatu da na wasa, kowace rana iri ɗaya.

Aboki: ƙwallo, langa, gaɗa, waƙa, tatsuniya. Wasa ba ɓata lokaci ba ne, magani ne ga yaro.

YAUSHE ZA A NEMI LIKITA?

In alamun sun wuce wata guda ba sauƙi, ko yaro ya daina ci, ko yana jin muryoyi, ko yana faɗuwa, ko yana maganar mutuwa, a kai shi babban asibitin Zurmi, ko na Shinkafi, ko na Kaura Namoda. Daga nan ana iya tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Kada a ɗaure shi, kada a sa masa mari. Dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairu 2023, a madadin tsohuwar doka ta 1958, ta ba masu wannan ciwo hakkin a bi da su da mutunci. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. A yi addu'a, a kuma kama hanya.

AIKIN YI A WANNAN WATA

1. Kowane malami ya gwada kunne da ido na 'yan ajinsa, ya rubuta sunayen waɗanda suka kasa, ya gaya wa iyayensu a keɓe.
2. Zumuntar mata ta shuka zogale a kowane gida, ta kuma zaɓi mata biyu masu riƙon asiri da 'yan mata za su iya zuwa wurinsu.
3. Shugabannin matasa su ƙirga samarin da suka daina zuwa taro, su bi su gida, ba da faɗa ba.
4. Dattawa su kai wannan magana ga mai gari, da liman, da malaman makarantun allo. Sanƙarau da yunwa da tsoro ba su tambayar addini. Almajiran da ke kwana cunkushe a zaure ɗaya suna cikin waɗanda sanƙarau ya fi yi wa barazana. Yaran gari duka namu ne.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Cikin tambayoyin nan huɗu, wacce ce aka fi mantawa da ita a garinmu?
2. Yaya za mu bambanta yaro mai ƙiwuya da yaro marar lafiya?
3. Me ya sa Ubangiji ya ba Iliya abinci kafin ya yi masa magana?
4. In saurayi ya faɗa wa ɗayanmu cewa yana shan ƙwaya, me za mu fara yi?

A rufe taro da addu'a domin yaran da ke hannun 'yan bindiga har yanzu, da waɗanda suka komo, da malaman da ke koyarwa cikin tsoro. Allah ya ba mu idon gani da kunnen sauraro, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.